Birmingham: laifin kansiloli ne ko na gwamnatin Landan?

Baban Aisha: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana. Tsiyacewar da ƙaramar hukumar Birmingham ta yi a Satumbar 2023 daga Landan ta samo asali. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta yi shekaru tana zaftare kason da take ba ƙananan hukumomi, alhali doka ba ta sauke musu nauyin kula da tsofaffi da yara marasa galihu ba. An rage maka abinci, an ƙara maka kaya, ta yaya ba za ka durƙushe ba?

Maman Yusuf: Baban Aisha, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wa ya shekara da shekaru yana biyan mata masu dafa abinci da shara ƙasa da maza masu kwashe bola? Hukumar da kanta. Bashin cikon albashin matan ya taru har aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Ga sabon tsarin kwamfuta na biyan kuɗi da ya ci ninkin-ba-ninkin abin da aka ware masa. Wannan ba hannun minista a ciki.

Baban Aisha: Ban musa ba, Hajiya, haƙƙin matan nan ne kuma dole a biya su. Amma ƙaramar hukumar Croydon fa, da ita ma ta tsiyace a 2020? Ta Nottingham fa a 2023? In kaza ɗaya ta mutu sai a ce ciwonta ne, in suka yi ta faɗuwa sai a duba akurki.

Malam: Ku gafarce ni, akwai abin da kuka tsallake. A Afrilun 2005 kamfanin motoci na MG Rover da ke unguwar Longbridge a Birmingham ya rufe, mutum kusan 6,000 suka rasa aiki lokaci guda. Wani maƙwabcina yana cikinsu. Ya ce da hannunsa ya miƙa katin shiga a bakin ƙofa, daga nan ya yi shekaru yana aikin gadi da rabin albashinsa na da. Duk masana'antar da ta mutu, harajin da take biya ya tafi, ma'aikatanta kuma su koma neman tallafin haya a wurin hukumar da aljihunta ya riga ya huje. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Maman Yusuf: To Malam, gwamnati za ta riƙe kamfanin da ba ya ciniki ne da kuɗin talakawa?

Malam: Ai tana yi in ta ga dama. A Afrilun 2025 ranar Asabar majalisa ta zauna don ceto masana'antar ƙarfe ta garin Scunthorpe. Amma a garin Port Talbot da ke yankin Wales fam miliyan 500 aka amince a ba Tata, kamfanin da ya mallaki masana'antar ƙarfen garin, duk da haka aka kashe tanderun narka ƙarfe na ƙarshe a Satumbar 2024, ayyuka kusan 2,800 suka salwanta. Waɗannan iyalan ƙofar wa za su ƙwanƙwasa?

Kawu: Ni nawa ɗaya ne. Harajin gida aka ƙara mana kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, sannan a 2025 bola ta taru a bakin titi saboda yajin aiki.

Maman Yusuf: Kawu, shi ya sa nake cewa a fara tuhumar wanda muka zaɓa a unguwa, shi ne muke iya tararwa a ofis. Na yarda da Malam a kan Port Talbot. Batun albashin matan nan kuwa, har yanzu ba wanda ya ba ni amsa.