Zamu yi tafiya a tsakiyar zafin nan, in kashe esi ne ko in barshi a kunne?

Abban Yara
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Tafiya ce ta kama mu ni da iyali gaba ɗaya, zamu kai kusan wata bama gida kuma kun dai ga irin ranar da ake ƙwallawa. Esi biyu gareni irin na bango, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin kwana, kowanne hos ɗaya da rabi. Ni dai a nawa tunanin in kashe komai in ja ƙofa in kama hanya, amma wani abokin aikina ya dage wai ba a yin haka, wai in gida ya ɗau zafi sosai wutar da esin zai sha ranar da muka dawo tafi wadda zai sha in an barshi yana aiki a hankali, kuma wai kujeru da kayan katako lalacewa suke. Uwargida kuma tace ita fa kar a bar mata kayan wuta a kunne ba kowa a gida. Na rasa ta wa zan ɗauka.

Oga Mai Gyara
Wa alaikumus salam yallaɓai. Maganar wuta dai abokinka bai yi daidai ba, kuma mutane da yawa haka suka ɗauka. Zafi yana shigowa gida ne gwargwadon bambancin zafin da ke tsakanin ciki da waje. In waje yana digiri 40 kai ka riƙe ciki a 24, to duk wuni zafi na kutsowa ta rufi da bango da gilashin taga, esin kuma aikinsa kenan ya kwashe ya zubar waje, ya kwashe ya zubar, ba kowa a gidan balle a ce wani na morewa. In kuwa ka kashe, cikin zai hau har ya kusa kamo na waje daga nan shigowar sai ta ja baya da kanta. Eh ranar da kuka dawo bango da katifu sun riƙe zafi zai ɗau awanni bai huta ba, amma ai na rana ɗaya ne.

Yi lissafi da kanka. Hos ɗaya da rabi yana jan wajen kilowat ɗaya in kwamfireso, wato injin da ke haɗa sanyin, na aiki. Ka ɗauka awa 10 kawai yake yi a rana, yunit 10 kenan, a kwana 30 ya zama 300, guda biyu 600. Ranar dawowa ko wuni da kwana suka yi basu tsaya ba su biyun ba zasu wuce yunit 50 da ɗoriya ba. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ma cewa take in mutum yana matsar da saitin da digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Farenhait, wato wajen 4 zuwa 6 a namu na rimot, na awa 8 a rana, zai iya rage har kashi 10 cikin 100 na kuɗin a shekara. Awa 8 fa, ina ga wata guda.

Kuma uwargida tana da gaskiya, abin da nafi tsoro ma ba gobara bace ruwa ne. Wannan siririn tiyon da ke fitar da ruwa ta baya yana toshewa da ƙura da yauƙi, yana toshewa ruwan sai ya cika farantin ciki ya fara ɗiga ta gaba, kana gida zaka gani ka kashe, baka nan kuwa sai ya bi bango ya jiƙa duk abin da ke ƙasansa har ka dawo. Ga kuma wutar da zata ɗauke ta dawo da ƙarfi ko rabi-rabi, ita ke ƙona fanel da kafasita.

Kafin ku fita ka sa shi a fanka zalla kamar awa ɗaya cikinsa ya bushe, in ba haka ba warin tsami zai tarbe ku. Zare ragar nan ta gaba ka wanke ka shanya ka mayar, sannan ka kashe daga bango ko bireka ba da rimot kaɗai ba. Batirin rimot ma cire shi, zafi na sa shi yoyo ya cinye ƙarfen. Labule kuma ka sauke duka musamman tagar yamma.

Maman Hanan
Oga Allah ya ƙara basira amma ka manta baka tambaye shi wane irin zafi ake a wajensu ba, dan zafi kala biyu ne. In busasshe ne duk abin da ka faɗa haka yake. Amma in irin mai gumin nan ne da zaka yi wanka ka fito jikinka na danƙo, wlh rufe gida ruf wata guda ba ƙaramar kasada bace, dan esi ba sanyi kawai yake bayarwa ba, ruwan nan da yake zubarwa ai laimar ɗakin ce yake tatsewa. Mu inda muke zaune laima tayi yawa, mun taɓa dawowa daga tafiya na buɗe wadirob naga takalman fata da jakata sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu hoda, bayan wadirob ɗin kuma ɗigo-ɗigo baƙi, warin funfunar nan har cikin filo, zannuwan gado sai da aka sake wanke su kaf.

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana cewa a riƙe laimar cikin gida ƙasa da kashi 60, tafi so ma tsakanin 30 da 50, saboda in ta haura ta daɗe a haka funfuna ke samun wurin zama. To ni yanzu guda ɗaya nake bari, na sa shi a 28 ko 29, ko in danna wannan mai alamar ɗigon ruwa a rimot wanda aikinsa busar da iska, in sa taima yayi 'yan awanni kullum. Sai in bar ƙofofin ɗakuna da na wadirob a buɗe iska ta zaga. Amma ka gwada taimar tun kana gida dan wasu sau ɗaya suke yi basa maimaitawa kullum, kuma ka duba ko naka na tashi da kansa in wuta ta dawo. Sannan dole akwai wanda zaka ba makulli ya riƙa leƙawa saboda ruwan da Oga ya faɗa, in babu to gsky gara a kashe.

Ɗan Zamani
Baba akwai wata 'yar na'ura da ake haɗawa da waifai tana kwaikwayon rimot, irin su Sensibo, daga wayarka kana ganin zafin ɗakin da laimarsa ka kunna ka kashe duk inda kake, ana saura awa biyu ku iso ka kunna abinka. Kar dai ka sayi irin soket ɗin nan mai yanke wuta daga waya ka jona esi, da yawansu basa ɗaukar nauyinsa kuma yanke masa wuta yana tsaka da aiki ba kyau. Matsalarta ɗaya in intanet ɗin gidan ya mutu shikenan ka zama ɗan kallo 😅

Abban Yara
Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya namu busasshe ne, wanki ma kafin ka juya ya bushe, kenan kashewa zan yi. Saura abu ɗaya Oga, firij zamu barshi a kunne dan akwai kaya a ciki, zafin ɗakin ba zai dame shi ba? Ga kuma magunguna da kwamfutar yara.

Oga Mai Gyara
Duba takardar da ke manne a bayan firij ɗin ko a cikinsa, akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure. N ko SN iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. In naka T ne ko ST ka ɗan janye shi daga bango kamar tafin hannu bayansa ya sha iska ka barshi. In N ne kuma kicin ɗin na ɗaukar rana, zai yi ta aiki ba hutu kuma sanyin ba zai kai ba, gara ku rabar da kayan ku kashe shi ku bar murfin a ɗan buɗe.

Magani kuwa karanta kwalin, yawanci zaka ga an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, kuma rufaffen ɗaki a wannan lokacin yana wuce haka, dan haka wanda ake sha ku tafi da shi. In akwai insulin, allurar masu ciwon suga, da ba a buɗe ba shi tsakanin 2 da 8 yake so, kar ka dogara da firij ɗin da ba mai dubawa. Kwamfuta a kashe ta gaba ɗaya a cire caja, batirin ya zama wajen rabi, a sa ta ƙasa-ƙasa a ɗakin da rana bata bugawa.

Ranar da kuka dawo kar ka shiga ka danna 16, in esin ba invata bane, wato mai ƙara gudu da ragewa da kansa, gudunsa ɗaya ne ko 16 ka sa ko 25, daɗewa kawai zai yi bai tsaya ba. Buɗe tagogi da ƙofa tukuna ka kunna fanka zafin da ya taru ya fita kamar minti 15, leƙa injin waje ko tsuntsu yayi sheƙa ko leda ta manne a bayansa, sai ka ɗaga bireka ka rufe ko'ina ka sa 25 ko 26. In ka kunna kaji shiru daga waje kar ka ɗauka ya lalace, yawancinsu sai sun yi wajen minti 3 kafin kwamfireso ya tashi.