Me ya kamata mu yi don tunawa da marigayi Direktanmu?

Tsohon ɗalibi, Yamai:
Assalamu alaikum. Mako mai zuwa za a yi sadakar arba'in ta malaminmu, wanda ya shugabanci makarantar makafin da muka yi karatu a cikinta, shi kansa kuma ba ya gani tun yana yaro, sanadiyyar ƙyanda. Mu tsofaffin ɗalibansa mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa, amma ra'ayi ya rabu: wasu na son a saya wa yaran makarantar wayoyi masu magana, wasu kuma allunan Braille, wato rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa, da takarda. Wanne ne ya fi dacewa da abin da ya tsaya a kai?

Malama daga Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Na koyar a ƙarƙashinsa, kuma ba na shakkar abin da zai zaɓa. Kullum yana tuna mana cewa Louis Braille yana da shekara 15 kacal, a 1824, lokacin da ya tsara wannan rubutu a Faransa, ɗigo shida masu ba da alamomi 63, don haka kada mu raina hankalin yaro. Malam da kansa yake kama hannun sabon ɗalibi, ya nuna masa yadda ake huda takarda daga dama zuwa hagu kamar mai rubuta ajami, sannan a juya ta a karanta da yatsa daga hagu zuwa dama. Yaron da ya dogara da saurare kaɗai ba zai san yadda ake rubuta kalmar Faransanci ba, kuma ranar jarrabawa za a gane hakan.

Wani uba, Yamai:
Malama, ina girmama maganarki, amma kada a raina waya. Ɗiyata tana karanta saƙonninta da kanta, ba sai an karanta mata sirrinta ba.

Wani tsohon ɗalibi, Tawa:
Baba, gaskiya ka faɗa, sai dai waya guda yaro guda take yi wa amfani, allo kuwa yana daɗewa ana gadonsa daga aji zuwa aji. Ni abin da ba zan manta ba shi ne zuwan da Malam ya yi har garinmu, ya zauna da mahaifina da Sarkin Makafi, ya roƙe su kada a sa ni bara. Daga baya ya damƙa mini farar sanda, ya sallami ƙanena da ke yi mini jagora domin shi ma ya shiga lakwal. Ina ba da shawara a sayi alluna da takarda mai kauri, wadda ita ce ke saurin ƙarewa, a kuma miƙa su ranar 4 ga Janairu, ranar Braille ta duniya, da sunan Malam.