Mai Wurno: wa ya taɓa zama a can?

Uwar Yara, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ɗan Mai Wurno ne, kullum hirarsa ke nan, ni ko ban taɓa taka ƙasar Sudan ba. Wanda ya san garin ya kwatanta min.

Ɗan Bakin Kogi: Wa alaikumus salam Hajiya. Can aka yanke min cibiya. Garin na gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Sunan na Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, ya ja ragowar jama'a suka yi gabas da niyyar Makka, sai Allah ya tsayar da su a nan. Har yau akwai sarki, ana kuma jin maganarsa. Kakata takan ce mu baƙi ne da hanya ta riƙe, ta faɗa tana share hawaye.

Malam Manomi: Ni ƙasar zan yi miki magana a kai. Baƙar laka ce, ba yashi ba. Da rani ta dare, sai ƙafar akuya ta shige. Ruwa na sauka a watan Yuli ta zama ƙullu, takalmi ma sai ka riƙe a hannu. Na taɓa kwana biyu a gona don amalanke ya kafe. Amma fa dawa da riɗi suna sonta. In kogi ya ja baya sai mu bi danshin gaɓa da kuɓewa da albasa, masunta kuma su koma bakin aiki. Madatsar ruwan Sinnar, wadda aka gama a 1925, tana ƙasa da mu, shi ya sa ruwan wajenmu ke kwanciya da faɗi.

'Yar Gadarif: Biki ya kai ni. Na gai da wata dattijuwa da Hausa, ta amsa da Fulatanci, jikarta ta fassara min da Larabci! Aka kawo kisra, wata siririyar gurasar dawa, da safe, da yamma agashe.

Uwar Yara, Jidda: Allah sarki. To yanzu fa, da wannan yaƙi?

Ɗan Bakin Kogi: Da Sinja, babban birnin jiharmu, ta faɗi a 2024, gidanmu ya cika da mutanen da ba mu taɓa gani ba. Mahaifiyata ta ƙara tukunya, ba ta tambayi kowa asalinsa ba. Ki sa mu a addu'a in kin je Harami, Hajiya.