Shawarwarin masu riƙon yara masu tsagaggen leɓe

Da masu riƙo suka tattauna, maganar haƙori ce ta fi ɗaukar lokaci. Ɗinkin leɓe ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin haƙoran gefen tsagar kan fito a karkace, wani ma ba ya fitowa, ga abinci na maƙalewa. Shawararsu: a kai yaro wajen likitan haƙori da wuri, a riƙa goge lungun da ƙaramin burushi safe da dare. Idan tsagar ta kai dasashi, tsakanin shekara 8 zuwa 11 ake tiyatar dasa ƙashi a wurin don cike giɓin, kafin fiƙa ta fito, kada a yi sake.

Bikin zagayowar haihuwa kuwa, a yi masa kamar sauran 'ya'yan gida. Wannan ta fi kwanta mini. A dai rage alewa da lemon kwalba.