Ɗaukar Hindi da Urdu a matsayin ƙaramin fanni a jami'a

Da aka tattauna batun yadda ɗalibi zai fara koyon waɗannan harsuna biyu na Indiya da Pakistan, shawarar da ta fi yawa ita ce ɗalibi ya zaɓi rubutu ɗaya ya fara da shi. Nahawun harsunan biyu kusan ɗaya ne, a hira ma da wuya ka raba su, amma Hindi da baƙaƙen Devanagari ake rubuta shi daga hagu, Urdu kuma da baƙaƙen Larabci a salon Nastalik daga dama. Wanda ya yi makarantar allo zai ji sauƙin Urdu, kuma zai tarar da kalmomin da ya sani, irin su duniya da "khabar", wato labari. Ni ma nan na karkata.

Wasu sun ja kunne kan fina-finan Indiya: suna gyara ji, amma ba sa koya wa mutum jinsin suna, ga shi kuma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa.

An kuma ce a haɗa da kwas ɗin tarihi, musamman rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Mai hali ya yi zango ɗaya a Indiya, a birnin Jaipur don Hindi, ko Lucknow don Urdu.