Na ƙara girman tayoyi, mota ta rasa ƙarfin jan tirela

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kan motata a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, wadda na cire mata tayoyi masu inci 31 na sanya masu inci 35. Tun daga lokacin, idan na ɗaura mata tirela sai ta yi nauyi wajen tashi, tana yawan sauya giya da kanta a kan hawa, man giya kuma yana zafi fiye da da.

Giyar aksil ɗinta (wato giyar da ke miƙa ƙarfin injin ga tayoyi) 3.55 ce, ma'ana sandar da ke kawo ƙarfin tana juyawa sau 3.55 kafin taya ta juya sau ɗaya; idan lambar ta ƙaru, ƙarfin ja yana ƙaruwa. Bisa lissafina, manyan tayoyin sun mayar da ita tamkar 3.14, don haka sai an kai kusan 4.01 kafin ƙarfinta na asali ya dawo. A nan na tsaya cak: shin 4.10 za ta wadatar, ko kuwa gara in tafi 4.56 saboda nauyin tayoyin da kayan da nake ja, ko da injin zai riƙa juyawa da sauri a babbar hanya?

Na san dole a sauya giyar aksil na gaba da ta na baya tare, shi ya sa ba na son yin aikin sau biyu.