Malaman jami'a na da sun fi na yanzu iya bincike ne?

Ɗalibin Mastas: Salam 'yan uwa. Jiya a laburare na ci karo da wani tsohon kundin digiri na shekarun 1970, wallahi sai da na ji kunyar nawa, mutumin ƙauye-ƙauye ya bi yana hira da dattawa. Ƙwaƙwalwa suka fi na yanzu ko me ya canza?

Tsohon Lakcara: Ƙwaƙwalwa ɗaya ce ɗana. Zamanin su Abdullahi Smith da Bala Usman a ABU Zariya akwai kuɗin fita bincike, mujallu na zuwa daga Ingila a kan kari. Da SAP ɗin Babangida, wato shirin tsuke bakin aljihu, ta zo a 1986 naira ta karye, mujallar da ake biya da dala aka daina saye, manyan malamai suka tattara sai Saudiyya da Amurka, ƙanana suka rasa mai riƙe musu hannu. Abin da ba a lura da shi kenan, sashe na tashi ko faɗuwa ne da wanda ya tafi da wanda aka ɗauka a madadinsa, farfesa ɗaya in ya tafi ai da ɗalibansa na PhD ya tafi.

Maman Ilham: Baba ka manta ƙarin girma. Takardu ake ƙirgawa, waye ke zama ya karanta? Shi ya sa mutum zai tura kuɗi ga mujallar bogi sati biyu ta fito, ya raba bincike ɗaya gida uku. Ni ajina ɗaya ya haura ɗalibi 400, da makin takardun jarrabawa zan ji ko da ɗakin gwaji? Ga yajin aikin ASUU wata tara a 2020, wata takwas a 2022, samfurin jinin da na tara a firiza duk ya lalace saboda ba wuta, ranar har kuka na yi.

Ɗan Manoma: Malama Allah ya mayar da alheri, amma fa ba ko'ina aka ci baya ba. Tun 2011 TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta tura malamai da yawa karo karatu waje, kuma waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a IAR Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta ABU, aka fitar da shi a 2019. Inda akwai kuɗi da abokan aiki na waje ana yi.

Ɗalibin Mastas: Na gode ƙwarai. Maman Ilham don Allah ya ake gane mujallar bogi? Akwai wata da ta turo min imel shekaranjiya.